Littattafan hannu da ke kulle a adakokin Sakkwato

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da masu gidaje a Sakkwato da kewayenta, musamman waɗanda suka gaji adaka ko buhu ko gafaka cike da littattafan hannu daga iyaye da kakanni. Daga Gidadawa zuwa Alƙanci, daga Hubbare zuwa Sabon Birni, har Wurno da Gwandu da Sifawa, da wuya ka shiga gidan malamai na asali ka rasa irin wannan ajiya. Kowa na tinƙaho da ita. Amma tambayi mai gidan littafi nawa ne a ciki, su wa suka wallafa su, yaushe rabon da a buɗe, sai ka ji, "Ai tun rasuwar Malam ba wanda ya taɓa." Da sigar girmamawa ake faɗin haka. Ni kuwa a ganina rashin taɓawar nan shi ne ke cinye littattafan, domin gara da hunhuna ba su san albarka ba.

Akwai fahimtar da ya kamata a gyara tun daga tushe. Mutane da yawa sun ɗauki littafin kaka tamkar kayan tabarruki, wanda darajarsa ke cikin ɓoye shi. Waɗanda suka rubuta su ba haka suka nufa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun yi wallafa ne domin a kwafa, a karantar, a kai ƙauye. Abdullahi har littafi guda ya yi, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta gaban kowannensu. Mutanen da suka damu da lissafi irin wannan ba za su ji daɗin a ce jikokinsu ba su san abin da ke cikin adakarsu ba. Aya ta 159 a Suratul Baƙara ta yi kashedi mai tsanani a kan ɓoye abin da Allah ya saukar na hujjoji da shiriya, kuma Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin wanda aka tambaye shi ilmi ya ɓoye, cewa za a sa masa linzamin wuta ranar ƙiyama. Ban ce duk mai kulle adaka ya shiga wannan hukunci ba, yanke wannan na malamai ne. Amma ilmin da ake amfana da shi, wanda hadisin Muslim ya ce ladansa na bin mamaci kabari, ba ya gudana daga littafin da aka hana kowa gani. Wanda ya kulle ya tsayar wa kakansa da lada ne, ko da kyakkyawar niyya ya yi.

Asarar littafi kuwa ba yau ta fara ba a garin nan. Baturen nan matafiyi ɗan Birtaniya, Clapperton, wanda ya rasu a Sakkwato a 1827, ya rubuta cewa a zuwansa na biyu ya ba Sarkin Musulmi Bello littafin lissafin Euclid na Larabci. Bello ya gaya masa cewa gidansu na da kwafi wanda wani ɗan'uwansu ya samo a Makka, amma ya ƙone a gobarar da ta ci wani sashen gidansa a shekarar da ta gabata. In kwafi ɗaya tilo bai tsira a gidan Sarkin Musulmi ba, to babu dalilin da zai sa wani ya natsu da kwafi ɗaya a ɗakin da rufinsa ke yoyo.

Lokacin da ya fi dacewa a buɗe ajiya shi ne bayan ɗaukewar ruwa, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi. Sai kuma a sake dubawa a Mayu kafin ruwa ya sauka, a kuma leƙa a Agusta lokacin da laima ta fi yawa. A tsakiyar hunturu iska na bushewa ƙwarai, takarda ta yi ƙarau, warƙar da ta daɗe a naɗe in aka tilasta buɗe ta sai ta karye daidai kan naɗin. A yi aikin a inuwa, a kan tebur ko sabuwar tabarma da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle, a kashe fanka, a nisantar da shayi da ruwa. A wanke hannu da sabulu a bushe shi sarai, kada a shafa mai. Safar hannu ta yadi ba ta da amfani a nan, tana rage jin yatsa ne har a yaga gefen takarda ba a sani ba. Takunkumi dai a sa, saboda ƙura da hunhuna suna kama ƙirji.

Abu na farko da ke ɓata aiki shi ne gaggawar jerawa. Littattafanmu ba ɗinkakku ba ne. Warƙoƙi ne sake, a tsakanin tadarishi biyu, a ɗaure da igiyar fata, a cikin gafaka. Ba su da lambar shafi. Abin da ke riƙe da jerinsu shi ne kalma ɗaya da mai kwafi ke rubutawa a ƙasan bayan kowace warƙa, wadda ita ce kalmar farko a warƙa ta gaba. Saboda haka kafin a motsa komai, a ɗauki fensir mai laushi, irin 2B, a rubuta lamba ƙarama a kusurwar sama ta fuskar kowace warƙa, bisa jerin da aka same su, ko da a bayyane yake cewa sun cakuɗe. Biro haramun ne a wannan aiki, tawadarsa na ratsa takarda kuma ba ta gogewa. Bayan an gama sa lamba ne za a bi kalmomin ƙasan nan a gano inda jeri ya tsinke, a rubuta a wata takarda dabam cewa warƙa ta 14 tana bin ta 31, misali. Dalilin wannan wahala shi ne, kalmomi irin su "ƙala" da "wa" da "fi" suna maimaituwa sau ɗari a littafi, mai gaggawa zai haɗa warƙar Risala da ta Ishriniya yana ganin ya gyara. In lambar asali na nan, ana iya komawa baya. In babu, an rasa har abada.

Ƙura kuwa da burushi mai laushi ake share ta, irin na masu zane ko sabon burushin kwalliya, daga tsakiya zuwa gefe. Ba a hurawa da baki, ba a gogawa da tsumma mai danshi. A nan sanin tawada ke da amfani. Iri biyu ne suka fi yawa a littattafanmu. Akwai ta gawayi da ƙaro, 'yar'uwar zugen da ake rubutu da shi a allo, baƙa ƙirin, tana zaune a saman takarda, ba ta kodewa amma ɗigon ruwa ɗaya na iya kwashe layi guda. Akwai kuma wadda ake haɗawa da 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera ko tsohon ƙarfe, a tace a zuba ƙaro. Bagaruwar nan dai ita ce majema ke jeme fatar da dukawa suka ɗinka gafakar da ita. Wannan tawadar tana shiga jikin takarda, da shekaru takan koma ruwan ƙasa, kuma in ƙarfen ya yi yawa a haɗin, ga laima, sai ta fara cin takardar. Alamar ita ce ka juya warƙa ka ga inuwar rubutun ta fito a baya da ruwan tsatsa kewaye da haruffa. In abin ya yi nisa, haruffan ne da kansu ke zubewa, su bar huda mai siffar harafi. Irin wannan warƙa ba a lanƙwasa ta ko kaɗan, a tura farar takarda ƙarƙashinta a ɗaga su tare. Jar tawada da rawaya da ake wasali da ado da su, musamman a Alƙur'anai, su ma ba su jure ruwa.

In an ga gari-gari mai kama da dusa yana zubowa, da ƙananan huda zagayayyu da suka ratsa warƙoƙi da yawa, tsutsar ƙwaro ce. In hanyoyin ƙasa ne a jikin tadarishi, gara ce. Gefen da aka gaigaye kuwa aikin gyare ne ko kyankyaso ko ɓera. A ware littafin da abin ya shafa, a share shi warƙa-warƙa, a aza shi a kan farar takarda a wani ɗaki dabam, a riƙa dubawa har mako uku ko huɗu. In sabon gari ya zubo, ƙwaron na da rai. Masu sana'ar adana tsofaffin littattafai suna kashe shi da sanyi: a naɗe littafin busasshe da takarda, a sa a leda biyu, a matse iska a ɗaure, a ajiye a firiza mai kaiwa digiri 18 zuwa 20 ƙasa da sifili na mako guda aƙalla, in an fitar kuma a bar shi cikin ledarsa kwana guda kafin a kwance, domin raɓar ta taru a bayan leda ba a kan takarda ba. Amma sai inda wuta ke tsayawa, ko mai sola. Firizar da ke narkewa kullum da rana ba za ta kashe ƙwaro ba, laima kawai za ta tara. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne fesa fiya-fiya ko kananzir ko maganin sauro a kan littafi. Suna barin tabon mai, suna narkar da tawada, kuma wanda zai karanta gobe shi zai shaƙa. Gara kuwa a ɗakin ake yaƙarta, ba a littafin ba.

Game da ma'aji, adakar ƙarfe ta fi akwatin katako da kwali da buhu, domin gara da ɓera ba sa huda ta. Aibinta tsatsa da zufa. A shimfiɗa mata farin yadin auduga da aka wanke har sitacinsa ya fita, tunda sitaci abincin ƙwari ne. A ɗaga ta daga ƙasa kamar santimita 15 zuwa 20 a kan bulo ko ƙafafun ƙarfe, a janye ta daga bango kamar tafin hannu, don a riƙa ganin hanyar gara in ta taso. Kada ta zauna ƙarƙashin taga ko kusa da indararo ko a ɗakin da ke manne da makewayi, kada kuma a ɗora ta can sama dab da rufin kwano, inda zafin Afrilu, da ke haura digiri 40 a inuwa ma, zai gasa takardar. Littattafai a kwance ake ajiye su, babba a ƙasa, kada su wuce huɗu ko biyar a tsibi. Ɗan agogon auna laima ba shi da tsada yanzu. In ya nuna sama da kashi 65 cikin 100 na kwanaki a jere, hunhuna na hanya, sai a buɗe adakar a rana mai iska, ko a zuba ƙunshin ƙwayoyin tsotse laima irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi da na magani. Ɗaure littafi a leda a ajiye shi tsawon damina kuskure ne da ake yi da niyyar kariya, laimar da ke jikin takarda ba ta da mafita, sai a kwance a tarar da warƙoƙi sun manne. Kada kuma a naɗe littafi da takardar jarida. Edita ya yi mini haƙuri, amma takardar jarida tana da tsami, shi ya sa take yin ja cikin 'yan watanni, kuma takan shafa wa abin da ta taɓa. Farar takardar A4 wadda ba a buga komai a kanta ba, ita ta fi ta nesa ba kusa ba. Gafakar da ta bushe ta tsattsage a bar ta haka, kada a shafa mata man gyaɗa ko man shanu, man zai tsiyaya cikin takarda ya kuma kira ƙwari.

Mafi munin ɓarna da ake gani a yau ba ta gara ba ce, ta masu gyara ce. Salatif yana kama da taimako a shekarar farko. Bayan 'yan shekaru ledar ta ɓamɓare, gam ɗin ya shige takarda ya bar tabo mai ruwan zuma wanda ba ya fita, wani lokaci ya tafi da rubutun. Liƙe warƙa cikin leda da injin zafi, wanda shagunan hoto ke yi wa takardun makaranta, ya fi wannan muni, domin babu hanyar fitar da ita lafiya, kuma in tawadar mai cin takarda ce, za ta ci gaba da cinta a ciki. Haka allurar maƙala takarda da ke tsatsa, da robar ɗaure kuɗi da ke narkewa ta manne. Warƙar da ta yage, a ninka farar takarda a sa guntayen a ciki, a rubuta lambarta a bayan ninkin da fensir, shi ke nan. Ƙwararru suna liƙi da kokon sitacin alkama da wata takarda siririya ta Japan, wanda ruwa kaɗan ke iya warware shi in an so, amma wannan aikin wanda ya koya ne. In kuwa ruwa ya riga ya jiƙa littafi, kwana biyu ake da su kafin hunhuna ta kama. Kada a shanya a rana, takardar za ta kanannaɗe ta yi ƙarau. A baza a inuwa inda iska ke wucewa, a saƙala farar takarda tsakanin warƙoƙin da suka rabu da kansu, a riƙa canjawa. Waɗanda suka manne a ƙyale su, ɓamɓarewa da ƙarfi kan raba rubutu gida biyu.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi daɗi ga mai son bin diddigi, wato gano shekarun littafi. A ɗaga warƙa a haska tocila daga bayanta. Tsohuwar takardar da aka yi da hannu za ta nuna layuka sirara a matse, da wasu 'yan kaɗan da suka gitta su da tazarar kusan santimita 3. A wasu warƙoƙin za a ga tambarin masana'anta a cikin jikin takardar. Wanda ya fi yawa a ƙasar nan shi ne jinjirin wata uku a jere, daga babba zuwa ƙarami. Takardar arewa maso gabashin Italiya ce, da fatake suka riƙa ratso Sahara da ita ta Tarabulus da Masar. Wani lokaci a ga fuskar wata a cikin garkuwa, ko haruffan AG, ko sunan Andrea Galvani, masana'anta a yankin Pordenone. Sai dai a yi hattara, an ɗauki ɗaruruwan shekaru ana buga tambarin wata uku, har farkon ƙarni na 20, don haka ganinsa bai tabbatar da cewa littafin na zamanin jihadi ba ne. Abin da takarda ke iya yankewa shi ne akasin haka: littafin da ke kan takarda mai shuɗin layi irin ta makarantar boko ba zai taɓa zama rubutun hannun Shehu, wanda ya rasu a 1817, ba.

Daga nan a duba ƙarshen littafin. Marubutanmu sukan ɓoye shekara a cikin ramzi, kalma ɗaya wadda in an tara lissafin haruffanta sai shekarar Hijira ta fito, sau da yawa da jar tawada ko da layi a kanta. Inda 'yan zamani ke faɗawa rami shi ne amfani da lissafin Gabas wanda ke cikin littattafan bugun Masar da Lebanon da kuma intanet. Malamanmu lissafin Magrib suke bi, wanda almajiran hisabi ke haddacewa da aiƙash, bakar, jalas, damat. Daga alif 1 har zuwa nun 50 duk ɗaya ne. Haruffa shida ne suka saɓa: a wurinmu sodi (ص) 60 ne, lodi (ض) 90, sin (س) 300, zadi (ظ) 800, gain (غ) 900, shin (ش) 1000. A Gabas kuwa shin 300 ne kacal, gain ne 1000. Ɗauki kalmar شريح. Shin 1000, ra 200, ya 10, ha ƙarami 8, jimla 1218, shekarar da Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Wanda ya bi lissafin Gabas 518 zai samu, ya fito yana shelar cewa gidansu na da littafi mai shekara 900. Ga wata hanya mai sauƙi: shin da ƙaf na nufin shekarun 1100, wato daga 1688 zuwa 1785. Shin da ra shekarun 1200, daga 1785 zuwa 1882, kuma nan ne yawancin wallafar Sakkwato ta faɗa. Shin da sin shekarun 1300, daga 1882 zuwa 1979. Jerin haruffan ba ya canza komai, shi ya sa mawaƙi ke juya su yadda za su hau ƙafiyarsa. Harafin da aka rubuta ake ƙirgawa, ba wasali ba.

Mayar da Hijira zuwa Miladiyya kuma, a raba shekarar da 33, a cire abin da ya fito daga cikinta, a ƙara 622. Misali 1232: in an raba da 33 ana samun 37 da 'yan kai, 1232 a cire 37 saura 1195, a ƙara 622, ya zama 1817, shekarar rasuwar Shehu. Lissafin na iya kuskure da shekara ɗaya, domin kusan kowace shekarar Hijira tana hawa kan shekarun Miladiyya biyu. Ita 1218 ta fara ne a Afrilun 1803, hijirar kuwa a Zulƙida aka yi ta, shi ya sa ta faɗo a Fabrairun 1804. In ba a ambaci wata ba, a rubuta shekarun biyu, 1803/4.

Duk da haka akwai sauran tarko. Shekarar da ke ƙarshen littafi sau da yawa ta mawallafi ce, ba ta mai kwafi ba. Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, kuma duk wanda ya kwafe shi bayan shekara 80 zai kwafe har da wannan tarihin. Sai a nemi inda mai kwafin ya ce an gama "da hannun wane", ko "mai shi wane ɗan wane". A nan ne nake ganin halin kirki ke shiga sana'ar. Kusan kowane gida na son a ce nasu da hannun Shehu aka rubuta, ko na Nana Asma'u. Jingina wa bayin Allah abin da ba a tabbatar ba ƙarya ce, ko da don ƙauna aka yi ta, kuma tana rage wa na gaskiyar daraja. Rubuta "ba a san mai kwafi ba" ba abin kunya ba ne. Kwafin da wani almajiri ya yi a Bodinga a zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman yana da nasa amfanin, yana nuna abin da ake karantawa a can a lokacin.

Hasali ma, abin da ya fi tsada a adaka ba lalle ne babban littafin da kowa ya sani ba. Muhtasar da Risala da Ashafa akwai su dubbai, an ma buga su. Waɗanda ba su da na biyu su ne ƙananan takardun da ake tarawa a gindin adaka ana ce musu tarkace: wasiƙu masu hatimi, fatawoyi, takardun bashi da na gado, jerin haihuwa da rasuwa a bayan tadarishi, sharhin da malami ya cusa a gefen shafi, da waƙoƙin ajami. Na Fulfulde su suka fi shiga haɗari, domin jikoki da yawa ba sa jin harshen yanzu, alhali Shehu ya yi waƙoƙi masu yawa da shi, kuma Tabbat Haƙiƙa da ake rerawa da Hausa daga Fulfuldensa Nana Asma'u ta juyo ta. Al'adar ƙone yagaggun takardu ko binne su don kada a taka sunan Allah tana da kyakkyawan asali, amma kafin a yi, a ɗauki hoto, a kuma nuna wa wanda ya iya karantawa.

Ɗaukar hoton ba ya buƙatar injin miliyoyi. Waya mai kyamarar megafiksel 12 ta isa ga warƙa mai tsawon santimita 22 ko makamancin haka, in warƙar ta cika fuskar hoton. A kafe wayar a bisa wani abu tana kallon ƙasa sak, kada a riƙe a hannu. Hasken rana a inuwa, ba filashin kyamara, ba inuwar kai. A shimfiɗa baƙin ƙyalle, a aza rula da 'yar takarda mai lambar littafin a gefe, gefunan warƙar huɗu duka su fito. A ɗauki gaba da baya ko da bayan fari ne, da gafaka, da tadarishi, da tambarin takarda da haske a bayansa. Sunan kowane hoto ya ƙunshi lambar littafi da ta warƙa, kamar 012-005a da 012-005b. Littafi mai warƙa 200 hoto 400 ke nan, kusan gigabait 2. A ajiye a wuri uku, ɗaya ba a gidan ba. Wanda ya tura ta WhatsApp a matsayin hoto ya rage ingancinsa, ƙananan wasula su dushe, sai dai a tura a matsayin fayil. Injin fotokwafi kuwa a nisance shi, dannawa da zafinsa na karya tsohuwar takarda. Sannan a sami littafin rajista a rubuta wa kowanne lamba, suna, mawallafi, layin farko bayan bisimilla da salati, layin ƙarshe, mai kwafi, shekara, yawan warƙoƙi, tsawo da faɗi, layi nawa a shafi, da lafiyarsa. Layin farkon nan shi ne ke ba masana damar gane littafin da ya rasa sunansa, ta hanyar gwada shi da manyan fihirisai irin wanda masanin tarihi John Hunwick ya fitar a 1995 kan wallafe-wallafen Larabci na wannan yanki.

Saura maganar gado, wadda ta fi kowace wuya. Ana samun gidan da magada suka kasa littafi guda kashi-kashi, kowa ya ɗebi warƙoƙi don albarka, wannan ya tafi Gusau, wancan Kaduna. Ba wanda ya sami littafi, kowa ya sami takarda. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa abin da rabawa ke lalata shi, kamar dutsen yaƙutu, ba a farfasa shi, ƙima ake yi masa. To a yi wa littafi ƙima ya faɗa rabon mutum ɗaya, ko magada baligai su yarda a rubuce a mai da ajiyar waƙafi da mai kula sananne, sauran kowa ya karɓi hotuna. In akwai marayu, ba mai ikon kyautar da rabonsu, sai a biya su ƙimarsa. Masu zuwa saye kuma, musamman masu neman Alƙur'anai masu zayyana, a sani cewa dokar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba, kuma rubutun hannu na gida da aka yi kafin 1918 na cikinsu.

Roƙona ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Majalisar Sarkin Musulmi, shi ne su haɗa hannu su horar da matasa biyu ko uku a kowace tsohuwar unguwa, daga cikin 'ya'yan gidajen kansu, maza da mata, tunda wasu adakokin a ɗakunan tsofaffi mata suke inda baƙo ba ya shiga. Masu littattafai da yawa na tsoron bayar da aro saboda labaran littafin da ya fita bai dawo ba, kuma tsoron nasu ba na banza ba ne. Don haka a ɗauki hoton a zauren mai shi, a gabansa, a ba shi nasa kwafin kafin a tashi, a kuma rubuta yarjejeniyar wanda zai iya gani da wanda zai iya bugawa. Kayan aikin kowace tawaga ba su wuce waya mai kyau da abin kafe ta, fensir, burushi, rula, tocila, takunkumi, rim biyu na farar takarda da littafin rajista ba.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Sakkwato.